Gunkin Dutse da Gunkin Zuciya

Ya ɗan'uwa mai karatu, a shekara ta 1838 wani mai zane, mutumin Sikotlan, sunansa David Roberts, ya bi Kogin Nilu cikin jirgin ruwa har ya kai Abu Simbel, can kudancin Masar. Ya zana haikalin da Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa cikin dutse. Daga baya aka buga zanensa a Landan, mutane suka saya suna al'ajabi.

In ka duba hoton, za ka ga gumaka 4 zaune a bakin ƙofa, tsawon kowanne wajen ƙafa 65 ne, dukansu kuwa surar sarkin ce. A ciki akwai waɗansu 8 tsaye jikin ginshiƙai. Mai zanen ya sa 'yan mutane kusa da su, ƙanana kamar tururuwa, domin a ga girman aikin. Amma ka ƙara dubawa. Rairayi ya binne gumakan, wani har ƙirji, ɗaya kuma kansa ya karye tun zamanin dā. Sarkin ya yi mulki shekara 66, ya so a riƙa yi masa sujada har abada. Tsakanin 1964 da 1968, da ruwan madatsar Aswan ya taso, sai da mutane suka yanyanka gumakan, suka hau da su tudu, gama ba su iya ceton kansu.

Wataƙila za ka ce, ai ni na rabu da gumaka tun ran da na bi Almasihu. Madalla. Amma Fir'auna siffar kansa ya sassaƙa, wannan gunki kuwa yana iya zama cikin zuciyar mai bi. Wanda ya ci bashi domin a yabi bikinsa, da wanda ba ya ba da sadaka sai idon jama'a yana kansa, da wanda ya ƙi neman gafarar ɗan'uwansa don kada girmansa ya zube, dukansu sassaƙa suke yi.

Ubangijinmu Yesu ya ɗaura tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa. Kai ma, ya ɗan'uwa, ka yi alheri ɗaya yau a ɓoye, ka je wurin wanda ka ɓata wa rai tun rana ba ta faɗi ba. Ka roƙi Allah ya rushe gunkin nan, ya mai da zuciyarka haikalin Ruhunsa. Amin.