Ko Wasan Silima Ƙarya Ne?

'Yan'uwa, a Kankara da Faskari da Sabuwa, da dare ya yi sai samari su taru kan waya guda suna kallon silima. Wani wasan yakan nuna jirage suna yaƙi tsakanin taurari, wani kuwa mutum-mutumi na ƙarfe yana magana. Iyaye suna tambaya, shin ya kamata Kirista ya zauna yana kallon abin da bai taɓa faruwa ba?

Mu fara da tatsuniya. Kakanninmu sun ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, kura tana magana, zaki yana shari'a. Ba wanda ya ce sun yi ƙarya, gama mai faɗi da mai ji duka sun san wasa ne. Annabi Natan ma ya ba Sarki Dawuda misalin matalauci da 'yar tunkiyarsa, da wannan ya kama zuciyar sarki. Ubangijinmu Yesu ya yi ta koyarwa da misalai. Ashe labarin da aka ƙaga ba lalle ya zama ƙarya ba. Ƙarya ita ce a nufi mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba.

Amma silima irin wannan ta bambanta da tatsuniya a wuri guda. Gizo bai taɓa sa rigar malami ba, ita kuwa takan zo da rigar kimiyya. A wasan Star Wars na 1977 ana jin ƙarar jirage a sararin samaniya, alhali sauti ba ya tafiya inda babu iska ko wani abin da zai ɗauke shi. Wannan ado ne, ba ya cutar kowa. Amma wasan Lucy na 2014 ya ce mutum yana aiki da kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwarsa kaɗai. Likitoci sun san ba haka ba ne, duk da haka mai kallo yakan tashi yana faɗinsa kamar karatu.

Haɗarin iri biyu ne. Wani yakan gaskata duk abin da ya gani, har yaro ya ga harsashi yana zamewa daga jikin jarumi ya ɗauka akwai maganin da zai yi masa haka. A ƙasar da ta sha wahalar 'yan bindiga, wannan tunani yana iya cin rai. Wani kuma yakan ƙi gaskata kome, har ya ce saukar Neil Armstrong a kan wata a Yuli 1969 wasan silima ce.

Ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Kankara. Neman ilimi ne ya kai su can. Ilimin da aka biya da tsada haka, bai kamata mu bar wasa ya gurɓata shi ba.

Saboda haka ba mu ce a hana kallo ba. Mu zauna tare da 'ya'yanmu, in an gama mu tambaye su, wanne ne zai yiwu, wanne ne ado? Abin da ya shige mana duhu mu kai wa malamin makaranta. Allah wanda ya ba mu jin daɗin labari, shi ne kuma ya ba mu hankalin rarrabewa.