Mas'alar Nasaba a Wurin Mabiya Addinin Sikh

A shekarar 1699, a garin Anandpur na ƙasar Punjab, Guru Gobind Singh, na goma a silsilar shugabannin addinin Sikh, ya kafa jama'ar da ake kira Khalsa, kuma mutum biyar ɗin da suka fara yi masa mubaya'a ba tsatsonsu ɗaya ba, domin akwai manomi a cikinsu, akwai wanzami, akwai mai ɗiban ruwa. Ya shayar da su a kwano guda, abin da al'adar wancan zamani take ɗauka najasa, ya laƙaba wa kowannensu Singh, mata kuwa aka san su da Kaur, da nufin idan an kira mutum kada a gane gidan da ya fito, balle a ɗaukaka shi ko a ƙasƙanta shi saboda kakanninsa.

Amma fa nasaba ba ta mutuwa da umarni. Jattawa, manoman da akasarin gonakin Punjab ke hannunsu, sun rungumi addinin da zuciya ɗaya, suka zama ƙashin bayansa, duk da haka har yau za ka ji ana kiran mutum wane Singh Sidhu, ko Sandhu, ko Gill, ko Dhillon, wato sunan zuriyar da aka kora ta ƙofa ya komo ya zauna a bayan sunan da Guru ya bayar. Suna da hujja, kuma ba ta da rauni: Bajatte ba ya aure cikin zuriyar mahaifinsa, wadda suke ce wa got, don haka lalle ne a san got ɗin saurayi da na budurwa kafin a yi maganar aure, kuma a ƙauyen da kowa Singh ne, wane Singh ɗin ake nufi in an zo rabon gado? Wannan zuriya ma ta girmi addinin, shi ya sa bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ake samun Bajwa da Cheema Musulmi a Pakistan, 'yan uwansu Sikh a Indiya.

Waɗansu sun nemi mafita ta hanyar jingina kansu ga gari, kamar Parkash Singh Badal, wanda ya daɗe yana mulkin jihar Punjab, asalinsa Dhillon ne, Badal kuwa ƙauyensu ne. Mu da muka san Aminu Kano da Shehu Shagari ba za mu ga baƙon abu a nan ba.

A ra'ayina, malamanmu sun riga sun warware asalin mas'alar da suka bambance nasabar sanin juna da ta alfahari, ta farko halal, ta biyu asabiyya. Wahalar ita ce suna ɗaya ne yake ɗauke da su duka biyun, kuma ba a gane wadda ta rinjaya sai an dubi mu'amala. Idan aka duba kuwa, a ƙauyuka da dama Jattawa na da wurin ibadarsu daban, Sikh ɗin da kakanninsu masu shara ne ko dukawa na da nasu, alhali ire-iren waɗannan da ake rainawa, Sikh da waɗanda ba Sikh ba, sun kusa sulusin mutanen jihar bisa ƙidayar 2011. Da aka harbe Sant Ramanand, malamin dukawan da ke bin tafarkin waliyyi Ravidas, a birnin Vienna a 2009, wani ɓangare nasu bai jira an gyara ba, ya shelanta addininsa mai zaman kansa a 2010.