Amelia Earhart a Hannun Masu Fim: Wa Ya Ba Su Labarin Gaibu?

Ranar 5 ga Janairu, 1939, wata kotu a birnin Los Angeles ta yanke hukunci cewa Amelia Earhart ta mutu. Alƙalin bai ga gawa ba, ba a kawo masa ko ƙusa ɗaya daga jirginta ba, kuma babu wanda ya tsaya ya ce a kan idonsa abin ya faru. Mijinta, George Putnam, shi ya nemi a yi hukuncin, don kada ya jira shekara bakwai ɗin da aka saba jira kafin a taɓa dukiyar wanda ya ɓace. Wata 18 ke nan da ɓatanta. Alƙali ya sa hannu, aka rufe fayil. Masu shirya fim kuwa har yau ba su rufe nasu ba, kuma da su nake da magana.

Ga wanda bai san ta ba, Ba'amurkiya ce da aka haifa a 1897 a jihar Kansas. A 1932 ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin sama ita kaɗai ta tsallake Tekun Atlantika, daga Newfoundland zuwa wata makiyaya a arewacin Ayalan, cikin kusan awa 15. A 1937 ta ɗaura niyyar zagaya duniya da jirgi mai inji biyu ƙirar Lockheed Electra, tare da Fred Noonan, gwanin duba taswira da taurari wanda ya yi wa kamfanin Pan American aiki. A watan Yuni sun ratsa ta kanmu: daga Dakar zuwa Gao, daga Gao suka keta sararin Nijar ta yau zuwa Fort Lamy, wato Injamena, sannan Alfashir da Hartum. Duk wanda kakansa ya tafi gabas a ƙasa ya san sunayen nan na ƙarshe, don hanyar alhazan da ce. Abin da ke ɗaukar mahajjaci watanni, wani ma shekaru, ita ta cinye shi cikin 'yan kwanaki.

Ranar 2 ga Yuli suka tashi daga Lae, a Niyu Gini, suna nufin tsibirin Howland, tafiyar mil 2,556 a kan ruwa. Tsibirin ɗan mitsitsi ne a tsakiyar Fasifik, tsawonsa bai wuce kilomita biyu da 'yan kai ba. Wani jirgin ruwan Amurka mai suna Itasca na jiran su a wurin. Ma'aikatan rediyonsa sun ji muryarta tar tana cewa a lissafinsu sun iso amma ba su ga kowa ba, kuma mai ya yi ƙasa. Su suna jin ta, ita ba ta jin amsarsu. Saƙo na ƙarshe ya shigo da ƙarfe 8:43 na safe, tana faɗin layin da suke bi, 157 da 337, arewa da kudu. Daga nan ɗif. Gwamnati ta kashe kimanin dala miliyan 4 wajen nema, har da babban jirgin yaƙi Lexington, aka dawo hannu rabbana.

Iyakar abin da ɗan Adam ya sani ke nan. Dalilan da za a iya tabbatarwa kuwa babu armashi a cikinsu. Sun bar doguwar eriyar da ke taimakawa wajen gano inda jirgi yake. Daga ita har Noonan babu wanda ya ƙware a saƙon Morse, wanda ma'aikatan ruwa suka fi dogara da shi, kuma Harry Manning da ya iya ya bar tafiyar tun bayan yunƙurin farko da ya lalace a Hawai a watan Maris. Ba su daidaita da Itasca sosai kan zangon rediyo da lokutan magana ba. Taswirar ma ta ɗan kauce wa ainihin inda Howland yake da 'yan mil. Wa zai sayi tikiti don ya kalli rashin jituwar zangon rediyo?

Shi ya sa tun ba a je ko'ina ba Hollywood ta fara cike gurbi. A 1943, ana tsakiyar yaƙi da Japan, kamfanin RKO ya fitar da Flight for Freedom. An sauya wa jarumar suna zuwa Tonie Carter, Rosalind Russell ta fito a matsayinta, amma ko yaro ya san da wa ake. A fim ɗin, matuƙiyar ta ɓatar da kanta da gangan domin sojojin ruwan Amurka su sami hujjar shiga su leƙa tsibiran da ke hannun Japan. Farfagandar yaƙi ce tsagwaronta, amma ta yi tasirin da ya zarce yaƙin: zancen cewa Amelia 'yar leƙen asiri ce, ko Japanawa sun kama ta sun tsare a Saipan, ya sami gindin zama a zukatan jama'a. Bayansa an yi na talabijin a 1976 da Susan Clark, da na 1994 da Diane Keaton, sai na Mira Nair a 2009, inda Hilary Swank ta fito a Amelia, Richard Gere kuma a Putnam. A 1995 shirin Star Trek: Voyager ya wuce gona da iri, ya ce wasu halittu ne daga wata duniya suka sace ta, suka daskarar da ita, aka tashe ta bayan shekara fiye da 400.

Wannan barcin na ɗaruruwan shekaru ya tuna mini da Suratul Kahfi, kuma a nan ne tambayar da ke damuna take. Bayan Alƙur'ani ya ba da labarin samarin kogo, ya faɗi yadda mutane za su riƙa jayayya kan adadinsu: wasu su ce uku, wasu biyar, wasu bakwai, ban da karensu. Ya siffanta irin wannan ƙirga da jifa cikin duhu, ya mayar da sanin ga Ubangiji, ya kuma hana zurfafa musu a kai. Abin lura shi ne Littafin bai ga wata illa ba a bar gurbin a buɗe. Darasin labarin ya cika ko ba a san adadin ba. A ƙarshen Suratu Luƙman ma an sa sanin ƙasar da mutum zai mutu cikin abubuwan da rai bai sani ba. Amelia da Noonan sun ƙara mana wani mataki a kai: su ba su san inda za su mutu ba, mu da muka zo bayansu kuma ba mu san inda suka mutu ba. To wa ya ba mai kyamara izinin ya ce ya sani?

Za a ce ai alƙalin Los Angeles ma bai sani ba, amma ya yi hukunci. Gaskiya ne, sai dai aikinsa daban. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan a babin wanda ya ɓace, kuma duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya wuce ta wurin. Matar da mijinta ya ɓace ta kai ƙara, a bincika, idan bincike ya ƙare ba labari a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in tana so. Asalin wannan hukuncin Sayyidina Umar ne. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da sa'anninsa ba su cika wucewa ba, wanda mafi shaharar magana a mazhabar ta sa 70. Dubi abin mamaki: mutum ɗaya, a rana ɗaya, ta fuskar aurensa an ɗauke shi matacce, ta fuskar gonarsa yana nan da rai. Da shari'a tana iƙirarin sanin halin da yake ciki, da wannan tufka da warwara ce. Ba ta yi iƙirarin ba. Ta dubi masu rai ne, ta cire wa matar cuta, ta tsare wa mutumin haƙƙinsa ko da zai dawo, ta bar sanin ga Mai shi. A ganina wannan yana daga cikin wuraren da fiƙihu ya fi nuna kunya da sanin ya kamata.

Fim ba shi da wannan damar, ko in ce ba ya so. Dole kyamara ta kalli wani wuri. In ta shiga cikin jirgin a sa'ar ƙarshe, sai ta nuna fuska, fuskar kuma ko dai ta tsoro ce ko ta jarumta ko ta nadama, kowacce aka zaɓa an yi shaida a kan abin da babu wanda ya halarta. Ban ce ƙagen labari haramun ne ba, ni ma ina son fim, kuma na Star Trek ɗin nan bai dame ni ba ko kaɗan, don babu mai hankalin da zai ɗauke shi tarihi. Kakanninmu mata da ke mana tatsuniya da dare sukan rufe da ƙurunƙus, su amsa da bakinsu cewa ƙarya suka shirga, kowa ya tafi barci ba a zalunci kowa ba. Wanda ke ba ni tsoro shi ne fim ɗin da ya sa rigar tarihi, ya kira mutane da sunayensu na yanka, ya haɗa abin da aka tabbatar da abin da aka zata a faranti ɗaya, mai kallo ya haɗiye duka.

Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne Fred Noonan. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka shata wa Pan American hanyoyinta na ƙetare Fasifik, aikin da kuskuren ɗan lissafi ke halaka jirgi guda. Amma abin da yawancin masu kallo suka sani game da shi shi ne kwalba. Fim ɗin 1994, inda Rutger Hauer ya fito a matsayinsa, da na 2009, duk sun taɓo zancen shan giyarsa, kuma mai kallo ba ya buƙatar a gaya masa sauran: shi zai ƙarasa da kansa cewa wataƙila mashayi ne ya ɓatar da jirgi. Alhali akwai ɗan hoton bidiyo na tashinsu daga Lae, ana ganinsa garau yana hawa jirgi. Bai bar ɗa ba balle jika ya tsaya masa. Mu da aka hore mu da ambaton mamatanmu da alheri, aka kuma ce mana cin naman mutum a bayan idonsa kamar cin gawarsa ne, ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan. Kasancewarsa Bature ba Musulmi ba bai halatta a jingina masa mutuwar mutum biyu ba tare da shaida ba.

Masu rai ma ba su tsira ba. A 1970 wani littafi ya fito yana cewa Amelia na nan da ranta, ta sauya suna tana zaune a New Jersey. Baiwar Allahn da aka nuna ta musanta, ta kai ƙara, kamfanin da ya buga littafin ya janye shi daga kasuwa, amma zancen ya bi ta har kabari. A 2017 tashar History ta yi shiri na musamman kan wani tsohon hoto na bakin ruwan Jaluit, a tsibiran Marshall, wai ga Amelia da Noonan nan a hannun Japanawa. Cikin 'yan kwanaki wani Bajapane mai binciken tarihin soja ya gano hoton a wani littafi da aka buga tun 1935, shekara biyu kafin tafiyar. A farkon 2024 kamfanin Deep Sea Vision ya nuna wata inuwa mai kama da jirgi a ƙarƙashin teku, duniya ta ɗauka. Kafin shekarar ta ƙare suka koma suka tarar dutse ne. Su kam na yaba musu, don sun fito sun faɗa. Nema ba laifi ba ne. Ƙasusuwan da aka tsinta a tsibirin Nikumaroro a 1940, waɗanda wani likita a Fiji ya ce na namiji ne, wani masani kuma ya sake duba ma'aunansu a 2018 ya ce sun fi kama da nata, bincike ne na gaske, ko da yake ƙasusuwan kansu sun salwanta. Robert Ballard, wanda ya gano Titanic, ya je wurin a 2019 ya dawo ya ce bai ga jirgi ba. Mai bincike yana iya dawowa ya ce bai samu ba. Mai fim ne ba ya iyawa.

Akwai uzuri guda da nake karɓa, kuma ba na masu fim ba ne. Mahaifiyar Amelia ta rayu har 1962, kuma ta riƙe imanin cewa 'yarta wani aikin gwamnati take yi lokacin da ta ɓace. Wannan ba zan ga laifinta ba. Uwa da ba ta ga gawa ba tana da haƙƙin ta riƙe duk zaren da ta samu. Annabi Yaƙub ma, Alaihis Salam, bai yarda da rigar da aka kawo masa ba, ya yi ta jira har idanunsa suka yi fari. Irin wannan jira ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar mutane fiye da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, akasarinsu sanadin rikicin arewa maso gabas, kuma kowane ɗaya akwai wadda ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Zaton mai jira ciwo ne ke kawo shi. Na mai sayar da tikiti kuwa ciniki ne, kuma ba daidai ba ne a auna su da mudu ɗaya.

Cikin finafinan duka, na Mira Nair ne ya fi kamun kai a ƙarshe: ya bi saƙonnin rediyo kusan yadda aka rubuta su a Itasca, ya tsaya inda suka tsaya, bai kai ta Saipan ba, bai kai ta Nikumaroro ba. Masu sharhi sun ce lami ne, kuma bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba. Idan ka samu ka kalla, mai karatu, don mintocinsa na ƙarshe sun cancanci a gani. Amma abin da ya ce game da Noonan da kwalba, da soyayyar da ya ƙulla tsakanin Amelia da wani mutum mai suna Gene Vidal, ka bar su a inda ka gan su, kada ka ɗauka ka kai wa wani a matsayin labari.