Haƙƙin Dabba A Kan Wanda Ya Tsare Ta: Mas'alar Ajiye Mesa A Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya halicci mai tafiya da ƙafa da mai jan ciki, Ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Mutanen birnin Zariya sun daɗe da sanin kiwon sha'awa. Daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya a ratsa unguwa ba a ga ɗakin tantabaru ba, ko aku a keji, ko dokin da ake yi wa gata kamar ɗan gida. Shi kuwa maciji, a al'ada mutum biyu ke da hulɗa da shi: gardi mai wasa da shi a bakin kasuwa, da wanda ya gan shi a gindin rumbu ya ɗauko sanda. To, zamani ya zo da na uku, watau wanda ke sa kuɗinsa ya sayi maciji ya ajiye a ɗaki domin sha'awa, yana kwaikwayon abin da wayar hannu ke nuna masa ana yi a Amurka da Ingila. Wadda aka fi ajiyewa a can ita ce wata 'yar ƙaramar mesa da masana ke kira mesar sarauta.

Tambayoyi biyu ke nan suka taso. Shin ya dace Musulmi ya ajiye ta? In kuma aikin gama ya gama, ga ta a cikin gida, me ya hau wuyan mai ita?

Malaman usuli sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa. Wannan mesa 'yar asalin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, akwai ta a dazuzzukan Nijeriya. Ba ta da dafi. Tsawonta da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi, saɓanin babbar mesa mai iya haɗiye akuya. Da rana takan ɓuya a ramin gafiya ko cikin suri, da dare ta fito farautar ɓeraye, saboda haka ma ta zama mataimakiyar manomi ba da saninsa ba. In ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. A hannun mai kula takan rayu shekara 20 zuwa 30. Daga Gana da Togo da Binin ake fitar da dubun dubatanta zuwa ƙasashen Turawa, har ya zama tana cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta 1973 ta sa wa cinikinsu ido. A Nijeriya ma tun 1985 aka kafa Doka mai lamba 11 domin taƙaita farauta da fataucin namun dajin da ake jin tsoron ƙarewarsu. Wanda ya sayi dabbar daji a hannun mafarauci ba tare da bincike ba, yana iya faɗawa cikin saɓa wa hukuma tun kafin a zo ga maganar fiƙihu.

Game da tambaya ta farko, hadisai ingantattu sun zo da umarnin kashe macizai, har an yi rangwame ga mai salla ya kashe maciji da kunama. Saboda haka malamai da yawa suka ce abin da aka yi umarni a kashe ba a mai da shi abin kiwo, suka ƙara da cewa ba da kuɗi domin abin da ba shi da wani amfani ɓarnar dukiya ce. Waɗansu kuma suka dubi dalilin umarnin, suka ce cutarwa ce, inda babu dafi kuwa hukuncin yakan sassauta. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya lissafa macijin da aka amince wa dafinsa cikin abubuwan da cinsu bai haramta ba. Wannan ya nuna cewa a mazhabar Maliki dafin ne abin lura. Haka nan Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin wani ango a Madina wanda ya tarar da maciji a kan shimfiɗarsa ya soke shi da mashi, shi da macijin duka suka mutu. A kan haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a yi wa macizan gidaje gargaɗi na kwana uku kafin a kashe su. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya kawo wannan hukunci, kuma duk wanda ya zauna gaban malaman zaure a Unguwar Juma ko Kona ya ji shi. Abin da za a fahimta a nan shi ne, Shari'a ba ta mai da ran maciji abin wasa ba. Ta yi umarni da tunkuɗe cuta ne.

Masu ganin sauƙi kan kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umairu, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi kuwa bai hana ba, har yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Hujja ce mai ƙarfi a kan halaccin ajiye tsuntsu in ana ciyar da shi. Amma kwatanta maciji da tsuntsu yana da rauni, domin babu nassin da ya yi umarni a kashe tsuntsun. Saboda haka abin da ya fi kusa da tsantseni shi ne a bar mesa a dajinta, sai fa mai dalili na ilmi, kamar masu binciken dabbobi da masu haɗa maganin dafi.

Sai dai saɓanin malamai ya tsaya ne a bakin ƙofa. Da zarar an shigar da dabbar an rufe, babu sauran saɓani, haƙƙinta ya tabbata a kan wanda ya tsare ta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Laifinta biyu ne a haɗe: ta kulle ta ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta a doron ƙasa ba. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Kafin a kama mesa, ƙasar Allah ce ke ba ta ɗumi da inuwa da ruwa da abinci da maɓoya. Wanda ya rufe ta a akwati ya raba ta da duk waɗannan, saboda haka kowannensu ya zama bashi a kansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shehu Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a littafinsa na ƙa'idojin hukunce-hukunce, daga ciki akwai ciyar da su ko da sun daina amfani, da kyautata makwancinsu, da rashin ɗora musu abin da ba za su iya ba.

Haƙƙi na farko a kwanakin zuwanta shi ne a ƙyale ta. Nan ne jarrabawar take, domin wanda ya yi sabon saye zuciyarsa na kwaɗayin ya ɗauka, ya shafa, ya kira abokai su gani. Ita kuwa an fito da ita daga inda ta sani, an jijjiga ta a buhu, an kawo ta inda kowane ƙamshi baƙo ne. Ba ta da kunne a waje, amma tana jin girgizar ƙasa a jikinta, da harshenta kuma take shinshinar iska. Hannun da ya sauko mata daga sama, a wurinta shaho ne. Masana kiwonta sun yi ittifaƙi a kan a bar ta mako ɗaya ko biyu ba a taɓa ta ba, sai canjin ruwa kawai, kuma kada a fara ɗaukarta sai ta karɓi abinci. Dunƙulewar nan da masu kallo ke yi wa dariya, tsoro ne. An ruwaito cewa Annabi ya ga tsuntsuwa tana kaɗa fikafikai domin an ɗauke mata 'ya'ya, ya nuna rashin yardarsa ya sa aka mayar mata. Ashe firgitar dabba ma abin tambaya ne, ba yunwarta kaɗai ba.

Haƙƙi na biyu shi ne mazauni. Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, daga waje yake samu. Ana bukatar gefe ɗaya na akwatin ya kai kimanin digiri 31, ɗaya gefen ya sauko wajen 26, a kowane gefe kuma a sa mata maɓoya mai duhu, domin ta zaɓi wanda jikinta ke so ba tare da ta fito fili ba. Wanda ya san daren hunturu a Zariya, watannin Disamba da Janairu, ya san ba ƙaramin aiki ba ne, balle ga wutar lantarki mai zuwa tana ɗaukewa. Sanyi kan hana ta narkar da abinci, ya sa mata ciwon numfashi. Busasshiyar iskar hunturu kuma kan hana saɓarta fita gaba ɗaya, sai an ajiye kwanon ruwa mai faɗi an kuma riƙa jiƙa wani sashe na shimfiɗarta. A watan bazara kuwa, akwati a ƙarƙashin rufin kwano yana iya zama mata tanda. Wadda aka kamo daga daji sau da yawa tana ɗauke da kaska da tsutsar ciki, ga kuwa asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, babu uzuri ga wanda ya ƙi kai ta.

Haƙƙi na uku abinci ne, a nan kuma akwai wani rai na biyu. Mesa ba ta cin tsaki ko dusa, ɓera take ci. Ɓera yana cikin dabbobin da aka halatta kashewa, amma hadisin Shaddadu ɗan Ausu, na 17 a cikin Arba'una, ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa. Jefa ɓera da rai cikin akwati domin a taru a yi kallo ya yi kama da abin da Abdullahi ɗan Umar ya tsawata wa waɗansu samari a kai, da ya same su sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi. Ya fi dacewa a kashe ɓeran nan take sa'an nan a ba ta, wannan ma ya fi mata aminci, domin ɓera mai rai yakan ciji macijin da ba ya jin yunwa. In ta ƙi ci, halinta ne, takan yi makonni tana ƙi. A duba ɗumi da maɓoya, kada a yi mata ɗure.

In lokacin ɗauka ya yi, sai a taɓa ta a hankali daga gefe, a tallafi tsakiyar jikinta da hannu biyu, kada a damƙi kai ko wutsiya, a mai da ita bayan 'yan mintoci. Ba a ɗaukarta sai kwana biyu bayan ta ci, in ba haka ba takan amayar. Ba a ɗaukarta in idanunta sun yi hazo, alamar saɓa ta kusa. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, domin jikin masu jan ciki na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa masu illa ga ƙananan yara.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Gidajen cikin ganuwa a manne suke, katanga ɗaya ke raba iyali da iyali, mesa kuwa gwanar sulalewa ce ta ƙaramar kafa. Tsohuwar da ta gan ta a bayan randa ba za ta tsaya tambayar ko tana da dafi ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abu Dawuda ya ruwaito hanin tsorata Musulmi ko da wasa. Saboda haka wanda iyayensa ko matarsa ko maƙwabtansa ba su natsu da abin ba, sha'awarsa ba ta kai nauyin natsuwarsu ba. Daɗin daɗawa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne: yaron da ya saba ganin ana shafa mesa yana iya kai hannu ga kasa, wadda ita ma gajera ce mai kauri mai zane, amma saranta na kisa.

Wajibi ne kuma a tsare aƙida. A garin Wida na ƙasar Binin akwai ɗakin tsafi da ake girmama irin wannan mesa, a ƙasar Hausa ma ba a rasa masu danganta maciji da kuɗi ko tsari ba. Wanda ya ajiye ta da wannan nufi, matsalarsa ta wuce ta kiwo, ta shiga babin shirka. Alƙur'ani a Suratul An'am, aya ta 38, ya bayyana cewa dabbobi al'ummomi ne kamar mutane. Bayin Allah ne, ba a bauta musu, ba a kuma wulaƙanta su.

Doki yakan yi haniniya in ya ga mai shi, kyanwa takan goga jiki. Mesa ba ta yin ko ɗaya. Iyakar abin da za ta kai gare shi shi ne ta daina jin tsoro. Ba ta godiya in an kyautata, ba ta kuka in an zalunta, babu maƙwabcin da zai ji ƙararta ya kawo ɗauki. Tsakanin mai ita da ita babu shaida sai Allah, nan kuwa ake gane mai ihsani na gaskiya. Saurayin da ke da shekara 20 a yau, in ya saye ta, yana iya kaiwa 45 tana nan a wuyansa. In ya san ba zai iya ba, ya nemi masana dabbobi ya miƙa musu tun da wuri, ya fi masa a kan ya bar ta ta mutu a hankali a lungun ɗaki. Wanda bai saya ba tukuna kuwa, barinta a ramin da Allah Ya ba ta ya fi masa sauƙin hisabi.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya sa a dace, amin.