Wa Ke Ƙirga Bugun Zuciyarka da Dare?

Karanta: Zabura 3, Matiyu 6:25-34

Akwai wata damuwa da ta shigo tsakanin matasa a 'yan shekarun nan wadda iyayenmu ba su san ta ba. Tun annobar korona ta 2020, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta cika kantunan magani, ga kuma agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya. Saurayi lafiyayye ya sa yatsa, ya ga 52 ko 48. Ya duba waya, ya karanta cewa zuciyar babban mutum idan yana hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Shi ke nan, hankali ya tashi. Ya auna da safe, ya auna bayan cin abinci, ya farka tsakar dare ya dafa wuyan hannu, yana tsoron kada zuciyar ta yi ta raguwa har ta tsaya.

Yau muna tunawa musamman da samari da 'yan mata na garuruwan Hausawa da ke Jazira da bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, daga Wad Madani har Mai Wurno kusa da Sannar. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, mutanen wannan yanki suke zuba gumi a gonakin auduga da dawa da gyaɗa. Matashin da ya tashi yana noma a hawasha, yana buɗe bakin ruwa yana toshewa, yana tafiyar ƙasa ko tuƙa keke daga ƙauye zuwa kasuwa, jikinsa ya horu ko da bai taɓa shiga filin motsa jiki ba. Zuciyarsa ma ta horu, gama ita ma tsoka ce.

Ka dubi mutum biyu a bakin rijiya. Ɗaya da ƙaramin guga, ɗaya da babba. Mai ƙaramin guga sai ya yi ta zurawa yana ja da sauri kafin ya cika randa. Mai babban guga yana ja a natse, ja kaɗan randa ta cika. Wa zai ce mai babban guga ne rago? Haka zuciya take. Jikin babban mutum a zaune yana bukatar jini kamar lita 5 ya zagaya cikin minti ɗaya. Zuciya mai ƙarfi tana tura jini mai yawa a kowane bugu, saboda haka ba ta bukatar gaggawa. Shi ya sa 'yan tsere da 'yan ƙwallo sukan sauka zuwa 50, har 40 da wani abu. Miguel Indurain, ɗan ƙasar Sifen da ya ci babbar tseren kekuna ta Faransa sau 5 a jere daga 1991 zuwa 1995, an ruwaito cewa zuciyarsa na bugawa sau 28 kawai a minti idan yana hutawa. Ba muna cewa kowa ya yi murna da 28 ba. Muna cewa ne lamba ita kaɗai ba ta isa ta yanke wa mutum hukunci ba.

Dare ne ya fi ba mai wannan damuwa wahala, domin cikin barci bugun yakan ƙara sauka. Wannan kuwa shiri ne, ba kuskure ba. Akwai wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangara ƙirji, aikinta ta lallashi zuciya ta rage gudu idan jiki ya kwanta. A cikin zuciyar kanta kuma akwai wani ɗan wuri ƙarami a sama ta hannun dama, wanda ke tayar da kowane bugu. Sai a 1907 masana biyu a Ingila, Arthur Keith da Martin Flack, suka bayyana shi ga duniya. Amma yana aikinsa tun zamanin Adamu ba tare da wani ya san sunansa ba. Naka ya soma aiki wajen mako na 4 bayan shigar cikinka, wataƙila mahaifiyarka ma ba ta tabbatar tana da juna biyu ba tukuna. Idan zuciyarka na bugawa sau 50 a minti, to, ta buga sau 72,000 daga jiya zuwa yau. Guda nawa a ciki ka ba da umarni?

Mun sani ba na'ura kaɗai ce ta kawo tsoron nan ba. A Disamba 2023 yaƙi ya shiga Wad Madani, birnin da mutanen Hartum suka gudo suka fake a cikinsa, aka sake watsewa zuwa Sannar da Gadarif da wasu wurare. Sojojin gwamnati sun karɓe birnin a Janairu 2025, amma jikin ɗan Adam ba ya manta ƙarar bindiga da wuri. Wanda ya daɗe yana kasa kunne ga abin da ke tahowa daga waje, idan waje ya yi shiru, sai ya juya yana kasa kunne ga ƙirjinsa. Kada wani ya yi wa irin wannan matashi dariya, ko ya ce masa marar bangaskiya.

Dawuda ya rubuta Zabura 3 yana gudun hijira. Ɗansa Absalom ya ƙwace Urushalima, sarki ya fita da ƙafa yana kuka, magabta sun yi yawa. A tsakiyar wannan hali ne ya ba da shaida cewa ya kwanta, barci ya ɗauke shi, ya kuma farka, domin Ubangiji ne ya riƙe shi. Ka lura, ɗan'uwa, barci sallamawa ne. Mai barci ya ajiye takobi, ya daina gadin kansa. Dawuda bai kwana yana ƙirga numfashinsa ba. Ya san akwai Mai tsaro wanda ba ya gyangyaɗi. Ubangiji Yesu kuma ya tambayi almajiransa ko akwai wanda damuwa ta taɓa tsawaita wa rai ko da kaɗan. Babu wanda ya amsa. Yatsanka a kan jijiya ba shi ke riƙe da zuciyarka ba. Abin da yake yi kawai shi ne hana ka barcin da zuciyar take bukata.

To, shin bangaskiya ta ce kada a je asibiti? A'a, ko kusa. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne, Bulus kuma bai ce masa ya bar aikin ba. Akwai lokacin da jinkirin bugu alamar ciwo ne, kuma jiki ba ya ɓoye shi. Idan kana suma, ko jiri na ɗibarka har ka kusa faɗuwa, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na yankewa a aikin da ka saba yi ba wahala, ko kana hawa tudu amma bugun ya ƙi ƙaruwa, kada ka tsaya addu'a kaɗai, ka nemi likita da wuri. Haka kuma idan a gidanku wani ya taɓa mutuwar farat ɗaya yana matashi. Wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol suna rage bugu, kuma kada ka daina sha da kanka sai likita ya ce. Rashin aikin ƙwayar maƙogwaro, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo, yana rage shi. Zazzaɓi mai zafi tare da bugu a hankali kan sa likita ya yi tunanin taifod. Gwajin ECG na 'yan mintoci yakan bambanta zuciya mai ƙarfi da zuciya mai matsala. Ko mai matsalar ma ba a rasa masa taimako ba: tun 1958 ake dasa wa mutane 'yar na'ura mai batir a ƙirji, kuma na farkon da aka dasa wa a Suwidin, Arne Larsson, ya rayu har 2001.

Idan ba ka da ko ɗaya daga cikin alamun nan, kana noma, kana gudu, kana cin abinci, amma tsoro ya ƙi barinka, je ka a duba ka sau ɗaya inda ka sami hali. Likita ya ce lafiya, ka karɓa da godiya. Ka ba wa wani dattijo mai ciwo na'urar, ka cire agogon kafin ka kwanta. Idan tsoron ya dawo, kada ka ɓoye shi. Ka faɗa wa wani babba da ka amince da shi, gama tsoro ma ciwo ne da ake jinya.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, ka ba matasan Jazira da Shuɗin Nilu barci a daren yau. Ka tuna da masu ciwon zuciya na gaske waɗanda yaƙi ya raba su da magani. Ka ƙarfafa likitoci da ma'aikatan jinya na Wad Madani, ka buɗe musu hanyar samun kayan aiki. Cikin sunan Yesu, amin.