Tartsatsi da Sababi: Hukuncin Al'ada a Rumfar Kanikawan Sabo

Malaman tauhidi da ake karanta littattafansu a zaurukan ƙasar Hausa sun kasa hukunci gida uku, wato na shari'a da na hankali da na al'ada, kuma a cikin ukun na al'ada ne ya fi shiga rayuwar mai sana'a, ko da yake shi ne ɗalibi ya fi saurin wucewa ta kansa a wajen karatu. Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, wanda ɗan littafinsa Ummul Barahina ya zama ƙofar ilmin aƙida a Afirka ta Yamma, ya nuna a rubuce-rubucensa cewa hukuncin al'ada shi ne ƙulla wani abu da wani saboda an sha ganinsu tare, kamar ƙuna da wuta ko ƙoshi da abinci, tare da yarda cewa ƙullin yana iya saɓawa, kuma ɗayansu ba shi ne mai halittar ɗayan ba. Tambayar da ke biyo bayan wannan bayani tsohuwa ce: idan wuta ba ita ke ƙonawa da ikon kanta ba, mene ne matsayin mutumin da abincinsa ke fitowa daga neman dalilin da ya hana wuta kamawa? Bakaniken babur irin wannan mutum ne, domin mafi yawan abin da ake kawo masa da sassafe injin ne da ya ƙi tashi, kuma kalmar farko da ke fita daga bakinsa ita ce ko yana kawo wuta.

Unguwar Sabo ta Ibadan wuri ne da tambayar ta dace da shi. An kafa ta a 1916 domin Hausawa baƙi, ta bunƙasa a kan fataucin shanu zuwa kudu da na goro zuwa arewa, kuma Abner Cohen, wanda ya yi bincike a cikinta a 1962 da 1963, ya nuna a littafinsa na 1969 yadda mazaunanta suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya da yawansu a farkon shekarun 1950, da yadda maigida da ɗan kasuwa ba sa rabuwa da malamin da suke shawarta kan abin da ya ɓoyu gare su. A yau an fi sanin Sabo da 'yan canji da masu tsire, sannan ga matasan arewa masu sana'ar acaɓa, wadda mutanen gari ke kira okada, a tsakanin Mokola da Adamasingba da sauran sassan birni. Hana acaɓa a Kano a 2013, da hanin da Legas ta yi a wasu ƙananan hukumominta a 2020 da 2022, sun watsa masu sana'ar zuwa biranen da ba a hana ba, kuma Ibadan na cikinsu. Da yawansu ba su ne masu babur ɗin ba, balas suke kaiwa kullum ko kuma biyan kuɗinsa suke yi kaɗan-kaɗan, saboda haka ranar da Bajaj ko TVS ya kwana a rumfar gyara rana ce ta bashi.

Injin babur yana bukatar abubuwa uku kafin ya tashi: fetur da ya gauraya da iska daidai gwargwado, matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta a bakin fulogi a daidai lokacin da fistin ya kusa ƙurewa sama. Tartsatsin kuwa yana da silsila. A gefen injin akwai faifai mai maganaɗisu da ake kira magneto, wanda ke juyawa tare da injin. A kusa da shi akwai ƙaramin kwayil mai ba da sigina, wato na'urar da ke jin wucewar wani ɗan tudun ƙarfe da ke jikin faifan, ta aika ɗan bugun lantarki zuwa akwatin CDI. Akwatin sai ya saki wutar da ya tara zuwa babban kwayil, shi kuma ya ɗaga ƙarfinta zuwa dubban bolt, har ta iya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi. Asalin wannan duka abin da Michael Faraday ya gano ne a 1831, cewa motsin maganaɗisu kusa da naɗin waya yana haifar da lantarki. Abin lura shi ne ƙaramin kwayil ɗin nan ba shi ke yin wutar ba, aikinsa kawai ya faɗi lokaci, amma idan ya yi shiru komai lafiyar sauran kayan babu tartsatsi.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara da wannan na'ura, domin tana ƙarƙashin murfin injin, kuma akwai abubuwan da suka fi ta saurin lalacewa. Yana cire fulogi ya jingina shi da jikin injin, ya sa yaronsa ya buga kik, ya duba: shuɗin tartsatsi mai ƙara alama ce ta lafiya, ja-ja mai rauni alama ce ta tangarɗa, rashinsa ɗungum kuma ya fitar da kafireto da fetur daga zargi. Daga nan sai ya bi silsilar da baya, ya gwada wani fulogin, ya duba hularsa, ya duba wayar makulli wadda a babura da yawa take kashe injin ta hanyar zubar da wuta a jikin ƙarfe, ya duba mahaɗan wayoyi da ruwan daminar Ibadan ke shiga har su yi tsatsa kore. Masana usulul fiƙhi suna da suna ga wannan tafarki, suna ce masa sabru da taƙsimi, wato a tattaro dukkan siffofin da ake zaton ɗayansu ce illar hukunci, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana zubar da wadda ba ta tsaya ba, har a bar guda. Ingancin tafarkin ya rataya ne a kan cikar tattarowar farko, kuma nan ne ƙwararre ya bambanta da ɗan koyo, domin wanda bai san akwai na'urar sigina a cikin lissafi ba zai zubar da komai ya tashi hannu rabbana.

Matsalar da ta fi jan hankali ita ce ta ƙaramin kwayil ɗin da bai mutu ba, bai kuma rayu ba. Wayar da aka naɗe a cikinsa siririya ce ƙwarai, kuma idan ta sami ɗan tsagewa takan haɗu lokacin da injin ke da sanyi, ta rabu idan zafi ya buɗa ta. Sai babur ya tashi lafiya da asuba, ya ɗauki fasinja, ya mutu a hawan Mokola, a tura shi zuwa rumfa, kafin bakanike ya gama da wanda ke gabansa injin ya huce, bugu ɗaya ya tashi. Mitar awon lantarki, wadda masu wayarin suka fi kanikawa riƙe ta, za ta nuna adadin da kamfani ya ƙayyade idan aka auna da sanyi, sai an auna da zafi ne za a ga hanyar ta yanke. Haka kuma ƙurar ƙarfe da ta taru a bakin na'urar, ko gibin da ya yi faɗi tsakaninta da faifai, suna raunana siginar har ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Akwai ma wata fuskar da ta fi wannan rikitarwa, inda ɗan makullin ƙarfe da ke riƙe faifan a mazauninsa ya karye, faifan ya goce, tartsatsi ya fito shuɗi lafiyayye amma ba a kan lokaci ba, injin ya riƙa atishawa yana mayar da kik.

A irin wannan hali ne zuciya ke karkata zuwa wani bayani na daban. Abin da ke lalacewa a hanya ya warke a gaban mai gyara ya yi kama da abu mai niyya, kuma ɗan acaɓan da abokin tasharsa ya yi wa kallon hassada jiya ba zai rasa tunanin kambun baka ko sammu ba. Ba aikin wannan rubutu ba ne musun abin da nassi ya tabbatar na sihiri da kambun baka. Abin da ake musu shi ne gaggawar kai ƙara can tun ba a buɗe murfi ba. Malamai sun rarrabe tsakanin gaibu na haƙiƙa, wanda babu mai saninsa sai Allah, da gaibu na dangantaka, wanda ya ɓoyu ga wani ya bayyana ga wani, kuma tsagewar waya a bayan murfi mai ƙusoshi kaɗan tana cikin kashi na biyu, a matakinsa mafi sauƙi ma. Saɓawar al'ada da Sanusi ya yarda tana yiwuwa, wadda mu'ujizar annabawa ke cikinta, ita ce a sami sababi cikakke da sharuɗɗansa, babu abin da ya hana, amma sakamako ya ƙi zuwa. Babur mai mutuwa da zafi bai saɓa wa al'ada ba ko kaɗan, wata al'adar ce ta biyu yake bi, wato buɗewar ƙarfe idan ya ɗumama, kuma maimaituwar abin a kan tsari ɗaya ita ce shaidar hakan.

Saura babbar muhawara. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa misali da wuta da auduga a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa, inda ya nuna cewa ido yana ganin ƙuna a lokacin haɗuwar biyun ne kawai, ba ya ganin cewa wutar ce ta aikata, kuma mai aikatawa shi ne Allah. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da cewa sanin abu shi ne sanin sababinsa, don haka mai soke sababi ya soke ilmi da sana'a baki ɗaya. Suka ce mai nauyi, kuma da za a gina rumfar gyara a kan cewa komai na iya biyo bayan komai, da babu dalilin fifita duba fulogi a kan duba taya. Sai dai Gazali bai bar ƙofar a buɗe haka ba, domin ya ce Allah yana gudanar da al'adarsa a kan tsari, yana kuma halitta wa bayi sanin cewa za ta ci gaba da gudana. Ibn Taimiyya da masu bin tafarkinsa, waɗanda ra'ayinsu ya yaɗu a garuruwan Hausawa tun bayan kafa Izala a Jos a 1978, sun tafi a kan cewa Allah ya sanya ƙarfi na gaske a cikin sabuba, yana halitta da su, ba a gefensu kawai ba. Bambancin yana da girma a zauren karatu, amma bakanike Batijjane da bakanike ɗan Izala duk fulogi suke fara cirewa, kuma babu ɗayansu da aƙidarsa ta ba shi izinin tsallake awo.

Daga nan ake gane inda kuskuren mai cewa ƙaddara ce yake, idan ya faɗe ta domin a daina bincike. Maganar gaskiya ce, amma gaskiyarta ta game babur da ya tashi da wanda ya ƙi, da kwayil mai lafiya da matacce, kuma abin da ya game ɓangarori biyu ba ya iya rarrabe su. Amsa ce ga mai tambayar wane ne ya gudanar, da kuma magani ga zuciyar wanda ya rasa balas ɗin yini, alhali bakanike wata tambayar aka biya shi ya amsa, wato ta wace hanya aka gudanar. Wanda ya gauraya biyun yakan cuci tauhidi fiye da yadda ya cuci sana'a, domin ya mayar da sunan Allah mafakar ƙiwa.

Tafarki na ƙarshe da kanikawa ke bi, musamman inda babu mita, shi ne aron kaya daga lafiyayyen babur a ɗaura a gani, kuma masana usulu suna kiran irinsa dawarani, wato hukunci ya samu idan siffa ta samu, ya gushe idan ta gushe. Su da kansu sun yi saɓani kan ko yana ba da yaƙini ko zato mai rinjaye kawai, kuma rumfar gyara tana goyon bayan masu taka-tsantsan. Wanda ya cire tsohon akwatin CDI ya sa sabo ya taɓa mahaɗin wayoyi, ya kankare tsatsarsa ba da saninsa ba, ya kuma ba injin lokacin hucewa, saboda haka tashin babur bai tabbatar da mutuwar tsohon akwatin ba har sai an mayar da shi an ga cutar ta dawo, sannan an bar injin ya yi zafi an sake gwadawa. Wannan rabi na biyu shi ne ake yawan bari, domin mai babur yana sauri, mai gyara kuma yana da riba a sabon kaya. Mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da kowane almajirin ilmi ya sani, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka danƙa musu suka keɓanta da su, domin kare dukiyar jama'a. Asalin hukuncin a kan ɓata ko lalacewar kaya yake, amma illarsa tana haskaka mas'alar mai sayar da zato da sunan sani: bakaniken da ya gaya wa ɗan acaɓa cewa gwaji yake yi, ya kuma yi sharaɗin mayar da kayan idan ba su ne ba, ya fita haƙƙinsa, wanda kuwa ya rantse cewa akwatin ne ya ƙone alhali bai auna na'urar sigina ba, ya kuma riƙe tsohon akwatin mai lafiya ya sayar wa wani gobe, ya ci kuɗi biyu a kan cutar da har yanzu tana nan bayan murfi.