Tsutsar Lemo da Kowala

A lambunan bakin kogin Shari, nan Njamena, akwai wani malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya wanda ba ya rabuwa da bishiyar lemun tsami. Masana na kiransa Papilio demodocus. Tsutsarsa tana ƙarama sai ka rantse kashin tsuntsu ne a kan ganye. In ta girma ta koma koriya, kana taɓa ta sai ta fiddo ƙahoni biyu masu wari. Mai lambu na ganinta sai feshi.

Can Ostareliya kuwa akwai kowala, mai goyon ɗanta a jakar ciki, abincinta ganyen bishiyar turare. Bayan gobarar dajin 2019 da 2020, gwamnati ta sa kowalar gabashin ƙasar cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a 2022. Duniya ta tausaya mata. Ƙwarin da wutar ta cinye kuwa, wa ya yi juyayinsu?

A lissafin masana dukansu dabbobi ne: kowala mai ƙashin baya da shayarwa, malam-buɗe-littafi mai ƙafa shida. Rabon nasu ba na daraja ba ne. Mu ne tausayinmu ke bin girman jiki da kyan fuska, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Alƙur'ani yana da Suratul Fil, yana kuma da surorin ƙudan zuma, tururuwa da gizo-gizo, kuma aya ta 38 ta Suratul An'am ta ɗauki kowane jinsi a matsayin al'umma.

Ba cewa nake a kashe musu kuɗi daidai ba. Dubi giwa: giwayen dajin Zakuma sun faɗo daga fiye da 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi dajin. Giwa tana wata 22 da ciki, kowala ɗa guda take haifa, malam-buɗe-littafi kuwa ƙwai yake zubawa barkatai, ya cika Afirka. Wanda ya fi shiga haɗari a fara da shi, wannan adalci ne.

Batun tsutsar lemo kuwa, mai lambu na da izinin kawar da mai ɓarna, amma iyakarsa gwargwadon ɓarnar. Babbar bishiyar lemo ba ta jin cin tsutsar nan, dashe ƙanana take yi wa illa, a kansu kuwa ana iya tsince ta da hannu. Feshin da ake yi wa lambu gaba ɗaya har ƙudan zuma yake kashewa, alhali yana cikin masu yi wa furen lemon barbara.